Kafin ka kwance famfon eskabeta, duba mai

A zafin Afrilu na Sakkwato, sa'ad da ma'auni ke haura digiri 40, ƙorafin da direbobin eskabeta, wato motar haƙa ƙasa, suka fi kawo mini shi ne: "Maigida, da safe lafiya lau take aiki, rana na take sai hannunta ya mutu." Mai motar kuwa har ya fara tambayar kuɗin sabon famfo. Ni dai man haidrolik, wanda famfon ke turawa ya motsa hannun, nake fara dubawa.

Tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, sauke bokiti ƙasa, kashe inji, sannan ka saki iskar tanki a hankali. Ɗebi man a kwalba ka ɗaga wa rana. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. In kumfa ce, famfo na zuƙar iska ta tiyon da ya taso daga tanki, za ka ma ji yana kuka kamar ana niƙa tsakuwa. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya dahu.

Wannan dahuwar ita ce ciwonmu a nan. Mai ya wuce digiri 80, ya tsinke ke nan, sil kuma, wato robar da ke hana yoyo, ya fara bushewa. Ƙurar hunturu ke toshe lagireton mai, balle motar da ke aikin dutse a wajen Kalambaina. Hure shi da iska kowane mako, ka canza filta a kan lokaci. A yanayinmu na fi son mai lamba 68, wanda ya fi kauri, a kan 46, matuƙar littafin motar ya yarda. Kada ka gauraya iri biyu, duro kuma ya zauna a rufe.

Sai ka ɗaura geji, ma'aunin matsin mai, bayan man ya ɗumama. Yawancin eskabeta masu tan 20 matsinsu na kai wa kusan 340 a awon "ba" na geji, ƙaramin layin da ke tuƙa bawul kuma wajen 40. Komai ne ya rasa ƙarfi? Zargi wannan ƙaramin layin, ko bawul ɗin da ke rage matsi, famfo daga ƙarshe. In silinda ɗaya ce ke sauka da kanta, sil ɗinta ne ko bawul ɗinta.

Masu ɗaure bawul ɗin rage matsi ba geji, wai don mota ta yi ƙarfi, tiyo kawai suke fasawa. Yoyo kuma da kwali ake nemansa, ba da tafin hannu ba: man na huda fata, wanda ya samu haka asibiti zai nufa nan take.