Darasi na 6: Ajiye Gurasa a Firji da Gane Wadda Ta Lalace

Gurasar da aka ciro daga tanderu, idan aka bar ta a ɗaki da damina, kwana biyu zuwa uku take yi ta fara hunhuna. Da hunturu kuwa bushewa ce ke riga hunhuna zuwa. Firji yana jinkirta hunhuna, amma shi ma yana da nasa aibi: sanyinsa kan sa gurasa ta yi tauri da wuri, har ta riƙa tsagewa in an lanƙwasa ta. Saboda haka wadda za a cinye yau ko gobe, a bar ta a kwano mai murfi, a wuri mai inuwa. Wadda za ta wuce haka ita ake kai wa firji.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙulle gurasa a leda tana da zafi. Tururinta ba ya samun hanyar fita, sai ya zama zufa a jikin ledar, ya koma kan gurasar, kuma danshi ne abincin hunhuna. Ku baza ta a faranti ko faifai kamar awa ɗaya. Ku taɓa tsakiyarta da bayan hannu: in da sauran ɗumi, ba ta isa ajiya ba. Idan ta huce, a jera huɗu ko biyar, a naɗe su da ƙyalle mai tsabta busasshe, a sa a leda, a matse iskar ciki, a ƙulle. Ƙyallen ne zai shanye danshin da ya rage. A ɗora ta a benen firji na sama, nesa da ɗanyen nama da kifi, don kada ruwansu ya ɗiga mata. Ku rubuta ranar ajiya a 'yar takarda ku liƙa a jikin ledar, domin ƙwaƙwalwa tana mantuwa.

Firjin da ma'auninsa bai haura digiri 4 na Salshiyas ba zai riƙe gurasa kwana 5 zuwa 7. Mai son ta kai wata biyu ko uku, sai firiza. Amma wannan lissafi na inda wuta ke zama ne. In aka ɗauke wuta, firji yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 kacal, shi ma in ba a yawan buɗe ƙofar. Inda ake wuni babu wuta, ku ɗauka gurasarku a ɗaki take, ku cinye ta cikin kwana biyu.

Ana maganar gurasa zalla ne a nan. Bandashe, wanda aka riga aka jiƙa aka zuba wa ƙuli-ƙuli da mai da albasa da tumatir, ba abin ajiya ba ne. A haɗa daidai ci.

Tauri kaɗai ba lalacewa ba ne. A yayyafa wa gurasar ruwa kaɗan, a ɗora a kasko mai zafi, kowane gefe rabin minti, ko a turara ta a madambaci minti biyu. Laushinta zai dawo.

Lalacewa ta gaskiya iri biyu ce. Ta farko hunhuna: ɗigo-ɗigo fari, kore ko baƙi, galibi a gefen da ya taɓa leda ko tsakanin gurasa biyu da suka manne. Don haka a raba su ɗaya-ɗaya a duba gaba da baya a wurin haske. Farar hunhuna takan yi kama da garin fulawa. Bambancin shi ne gari yana kakkaɓewa, ita kuwa tana da gashi-gashi kamar auduga, a manne take. Kada a kai ta hanci don a tabbatar, ƙurarta tana cutar da ƙirji.

Mutane da yawa kan yanke wurin da ya yi baƙi su ci sauran. Wannan ganganci ne. Abin da ido ke gani kan hunhunar ne kawai, saiwoyinta sun riga sun ratsa cikin gurasar, tun da gurasa abu ne mai laushi da ƙofofi. Wasu ire-iren hunhuna suna fitar da guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan guba. In ɗaya ta kamu, a zubar da duk wadda ke cikin ƙunshin.

Ta biyun ita ce yauƙi, kuma ba kowa ya san ta ba, don daga waje gurasar lafiya lau take. Wata ƙwayar cuta ce da kan zo cikin gari, wadda zafin tanderu ba ya gamawa da ita, sai ta farka in ta sami zafi da danshi. Ku gutsura gurasar ku ja ɓangarorin biyu a hankali. Idan cikinta ya yi danƙo, yana jan zare siriri kamar miyar kuɓewa, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na abarbar da ta nuna ta wuce, to ta lalace. Kada a ba yaro ko almajiri da sunan gudun asara. A zubar, sannan a wanke kwanon da ƙyallen da sabulu da ruwan zafi, a shanya su a rana kafin a sake ajiya a ciki.