Yadda za ka riƙe karatun littafi kada ka watsar bayan sati biyu

Duk farkon shekara sai ka ji mutum ya ce bana in sha Allahu littafi hamsin zan karanta, kafin wata biyu ya cika littafin farko ma yana can ƙarƙashin filo ya sha ƙura. Matsalar daga lissafin take. Littafi hamsin kusan littafi ɗaya ne kowane sati, kuma mutumin da ke zaman shago a Tudun Wada daga safe har magariba, ko ɗalibin da ke fama da lakca a jami'ar tarayya ta Gusau, ina zai samu wanga lokaci? Don haka ka bar ƙirga littattafai, ka koma ƙirga shafi.

Shafi 10 a rana. Shi kenan. A wata shafi 300 ke nan, a shekara 3,650, in littattafanka masu shafi 200 ne ka ga ka tashi da wajen 18 ba ka ma ji ba. In goma ta yi maka yawa ka yi biyar, babu wanda zai kama ka. Kuma wallahi mu ba baƙin wanga tsari ba ne, Alƙur'ani izu 60 ne, mai karanta izu biyu kullum yana sauka a wata, mai izu ɗaya wata biyu, kuma a makarantar zaure malam ba ya ba ka Ishmawi ko Risala gaba ɗaya ya ce je ka dawo, layi kaɗan yake ɗora maka, gobe ka biya a ƙara maka. Haka munka taso, sai dai da an zo littafin boko ko na hikaya sai mu manta.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne aikin yake. Kada ka ce "in na samu sarari zan karanta", sarari ba ya zuwa. Ka liƙa karatun da wani abu da kake yi kullum ba fashi. Bayan asuba ya fi ga mafi yawan mutane tunda gari shiru kuma kai bai ɗauki hayaniya ba, wasu kuma tsakanin magariba da isha'i ya fi musu, matan aure da yawa sai bayan yara sun tafi islamiyya suke samun numfashi. Ka zaɓi guda ka tsaya kansa. Ni dai ban yarda da karatun kan gado da dare ba, shafi biyu barci ya kwashe ka, gobe ka dawo ba ka tuna ko wane ne ya mutu a labarin ba. Kuma ka bar lissafinka ya bi yanayi, zafin Afrilu da rana ba a karatu, da damina mai zuwa gona ya rage shafi, da azumi kuma sai a ɗaga wa sauran littattafai ƙafa.

Waya fa? In a waya kake karatu, PDF ne ko littattafan da ake turawa a WhatsApp da Wattpad, to ka kashe data kafin ka buɗe, in ba haka ba saƙo ɗaya zai shigo ka tsinci kanka a TikTok awa guda. Kuma ka sauke littafin ya zauna cikin wayar. Mu 'yan Zamfara mun san dalili, a Satumbar 2021 da anka rufe layukan waya a jihar nan, wanda ke da littafi a takarda ko ya riga ya sauke shi ne kawai ya ci gaba da karatu. Ga kuma wuta da ba ta da tabbas, caji ya mutu karatu ya tsaya, shi ya sa yana da kyau ko yaushe a samu na takarda guda a hannu.

Yanzu abin da mutane suka fi rainawa, rubuta abin da ka fahimta. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, in ka gama shafukanka na ranar ka sa kwanan wata da shafin da ka tsaya, sai layi biyu ko uku da bakinka, ba kwafe maganar marubuci ba. Mi ya ce? Ka yarda ko ba ka yarda ba, kuma don mi? Ina ne ba ka gane ba? Wanda ba ka gane ba ka ja masa layi ka kai wa wanda ya fi ka sani, musamman in littafin addini ne, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. In ka ɗauki biro ka rasa abin rubutawa to ido ne ya bi shafin kawai, ka koma ka sake. In littafin ya ƙare gaba ɗaya sai ka ba shi shafi guda, me ya canza maka a tunani, wa za ka ba shawarar ya karanta, wane wuri ne marubucin ya yi ta jan zance ba dalili. Ba sai ka yabe shi ba don an buga shi, akwai littattafan da ba su cancanci lokacinka ba, in ka ci shafi 50 ba ka ga inda anka dosa ba ka aje ka ɗauki wani, ka rubuta dalili.

Ka samu aboki ɗaya da kuke zama majalisa ko wurin mai shayi, ranar Juma'a kowa ya faɗi inda ya kai da abin da ya tsinta, kunyar a tambaye ka ka ce "ban taɓa ba" tana aiki sosai. In kuma ka yi fashin kwana uku ko sati, biki ne ko rashin lafiya ko tafiya, kada ka ce sai ka rama duka a zama ɗaya, nan ne mutane ke gajiya su bari. Ka duba littafin rubutunka ka ga inda ka tsaya, ka karanta layin ƙarshe da ka rubuta, ka ɗora da shafi goman ranar.