Motar ƙasaita a Maradi: ta hawa daban, ta ajiya daban

Duk ɗan kasuwar Maradi ya san bambancin buhun waken da aka kai gida don ci da wanda aka jibge a mangaza ana jiran bazara. Su Ferrari, Lamborghini da McLaren haka suke, sai dai su tun kafin a biya kuɗi ake yanke shawara, domin wadda ta dace da hawa ba ita ce ke yin tsada in an ajiye ta ba. Mai son ya yi ta yawo da ita cikin gari kuma ya sayar da riba bayan shekara biyar, sai a tuna masa cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Wace ce ke yin tsada?

Sunan kamfani ba ya ɗaga farashi, ƙarancin motar ne ke ɗaga shi. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, shi ya sa aka sayar da ɗaya a gwanjo a Amurka a 2018 kan dala miliyan 48 da ɗoriya. McLaren F1 guda 106 ce duk duniya. Wadda aka yi gwanjonta a 2021 kan sama da dala miliyan 20 ƙirar 1995 ce, amma agogonta bai cika kilomita 400 ba, wato cikin shekara 26 ba ta yi tafiyar zuwa Damagaram da dawowa ba. Wannan rashin tafiyar na cikin abin da masu saye suka biya.

To, ka dubi waɗanda aka fi gani a hotuna. Lamborghini Gallardo guda 14,022 aka yi daga 2003 zuwa 2013, Huracán kuwa ta haye 20,000 tun 2022. Irin waɗannan suna faɗuwa a shekarun farko kamar kowace mota, sai dai kuɗin da ke zubewar ya fi yawa. Inda ake samun togiya shi ne masu giyar hannu, kamar Ferrari F430 da Gallardo, saboda kamfanonin biyu sun daina ƙera giyar hannu, abin da ke ƙasa kuma ba ya ƙaruwa. Masu ƙayyadadden adadi irin LaFerrari, in suna sababbi, ba a shiga shago a ce a ba ni: kamfanin ne ke zaɓar wanda zai sayar wa cikin tsofaffin abokan cinikinsa. Sabon shiga sai dai ya saya a hannu na biyu, bayan wani ya riga ya kwashe ribar.

In ta hawa ce

Abu na farko ba inji ba ne, ƙasa ce. Tsakanin cikin irin waɗannan motoci da kwalta santimita 10 zuwa 13 ne, alhali Hilux ta wuce 20. Kada ka sayi wadda ba ta da na'urar ɗaga hanci, wadda ke ɗaga gaban motar da kusan santimita 4 in an danna maɓalli ana tafiya a hankali. Ko da ita, tudun rage gudu ba a hawansa kai tsaye. Ka zo a karkace, tayar gaba ɗaya ta hau, sannan ɗayar, ƙafa a kan birki, gudu kamar na mai tafiya a ƙasa. In ka ji ƙarar gurza daga ƙarƙashi, leɓen bamba ne, kuma a motoci da yawa na kabon ne, wani abu mai tauri marar nauyi: ba ya lanƙwashewa a miƙe shi, tsagewa yake yi.

Ƙofar gidanka ma sai an gyara. Gangaren da magina ke yi don kada ruwan damina ya shiga gida ya yi wa wannan mota tsaye. A rushe shi a sake zubawa, kowane santimita 10 na tudu a ba shi aƙalla mita ɗaya na tsawo. Sannan ka bi hanyar da za ka riƙa bi kullum da wata mota, ka ƙirga tudu da rami. In akwai rairayi tsakanin gidanka da kwalta, kamar yadda yake a lungunan unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo, ka sani faffaɗar taya marar ƙaya ba ta da abin kamawa a yashi, cikin motar kuma zai zauna tun kafin tayar ta nutse.

Daga Yuni zuwa Satumba, duk ruwan da ya kwanta a titi ya kai tsakiyar taya, juya kawai. Inji in ya shaƙi ruwa sandunan fistin ke lanƙwashewa, gyaran kuma sabon inji ne. In ta mutu cikin ruwa kada a sake tayar da ita, a ɗauke ta.

Taya. Huracán tana ɗaukar 245/30 a gaba da 305/30 a baya, kan wili mai inci 20. Ma'anar 30 ɗin nan ita ce kaurin robar gefe a gaba bai wuce santimita 7 da rabi ba. Rami guda a hanyar Ɗan Isa ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili, kuma babu safaya a but. Ka ajiye cikakken saiti a gida, a ɗaki mai duhu. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Wadda ta wuce shekara 5 zuwa 6 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, zafinmu yana busar da roba. Kada mai faci ya kusance ta da ƙarfen ɓamɓara taya, sai wurin da ke da injin cire taya.

Fetur shi ne babbar matsala, kuma ba tsadarsa ba. Mai yin kilomita 30 a rana da motar da ke shan lita 20 zuwa 25 a kilomita 100 cikin gari, kusan lita 200 zai sha a wata, wanda ga mai irin wannan mota ba komai ba ne. Matsalar ita ce ƙarfin man, wanda ake aunawa da lambar oktan. Kamfanonin suna neman oktan 95 a ƙalla, 98 ya fi. In man bai kai ba, yana kamawa da wuta da kansa kafin wutar fulogi ta kai gare shi, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Kwamfutar motar tana rage ƙarfi don ta kare shi, amma tana da iyaka, kuma a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 iyakar tana kusa. Ka tsaya ga gidan mai guda mai yawan ciniki, ka tambayi lambar oktan ɗin man da suke saukewa, in ba ta kai 95 ba kada ka taka totur har ƙasa, musamman da rana. Ƴan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa abin da suke ƙarawa kaɗan ne. Man ruwa-ruwa na bakin titi kuwa, ko lita ɗaya: ɗigon ruwa da ƙurar da ke ciki suna kashe injekta da famfon mai.

Ƙurar hunturu tana cika matatar iska cikin ƴan makonni, saboda haka a buɗe a duba kowane wata daga Disamba zuwa Fabrairu, kada a jira abin da littafin motar ya ce, don ba a rubuta shi da buji a zuciya ba. Lagireto a irin waɗannan motoci yana can ƙasa a kusurwa, inda leda da ganyen dogon yaro ke taruwa. A leƙa da tocila duk mako, a wanke da ruwa marar ƙarfi. Ruwan matsi na masu wankin mota yana kwantar da haƙoran lagireto, iska ta daina wucewa.

Ga go-sulo na bakin Babbar Kasuwa, tsakanin kabu-kabu da adaidaita da amalanke, nau'in giya na da muhimmanci. Tsohuwar giyar F1 ta Ferrari da e-gear ta Gallardo kuloci ɗaya gare su wanda na'ura ke takawa, kuma rarrafe da ribas a kan tudu suna cinye shi da wuri. Masu kuloci biyu, irin Ferrari 458 Italia da Huracán, sun fi haƙuri.

Juyen baƙin mai sau ɗaya ne a shekara a ƙasashen da aka ƙera su. A nan a yi duk wata shida. Man ba a ƙasan inji yake kwance ba, tanki daban gare shi, kuma a yawancinsu da inji a zafi ake aunawa. Bakaniken da ya auna a sanyi zai ga kamar babu mai, ya ƙara, ya wuce ƙa'ida, motar ta fara hayaƙi. Huracán wuraren zubar da mai har takwas gare ta, sai an cire murfin ƙarƙashi kafin a kai gare su. Ruwan birki duk shekara biyu. Ferrari da Lamborghini ba su da wakili a Nijar, kuma akwai gyaran da ba ya yiwuwa sai da kwamfutar kamfani, don haka ka nemi ƙwararren da zai riƙa zuwa da kayansa tun kafin motar ta sauka a tashar ruwa, ka sa kuɗin jirginsa cikin lissafi.

A ganinmu, in dai hawa ake so, Porsche 911 ta fi su duka hankali, Audi R8 kuma inji ɗaya take da Huracán. Akwai biyu da aka ƙera don hanyar da ba kwalta: 911 Dakar, guda 2,500, da Huracán Sterrato, guda 1,499, wadda aka ɗaga da milimita 44. Sun fi dacewa da titunanmu, amma ƙayyadadden adadinsu ya sa duk kilomitar da ka ci da su daga aljihunka take fita.

In ta ajiya ce

Shawarar da ba a son ji: kada ka kawo ta Maradi. Masu sayen irin wannan mota suna Turai, Amurka da Dubai. Kuɗin jirgin ruwa zuwa Lome ko Kwatano, da na ɗauko ta a tirela, da na duwan, babu wanda zai dawo maka ranar sayarwa, ga kuɗin mayar da ita. Bayan haka mai saye yana bin tarihin motar shafi-shafi, kuma shekarun da babu hatimin garejin kamfani a littafin gyara suna rage mata daraja fiye da ƙwarzanen fenti. Akwai wuraren ajiya na musamman a can da ake biya duk wata.

In ka nace sai tana kusa da kai, to ajiya ma aiki ce, kamar yadda wake ba ya kai bazara sai an tsare shi daga ƙwari. Ɗaki rufaffe, daɓen siminti, na'urar sanyi, danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Zafi yana sa fatar gaban mota ta tsuke ta ɓalle daga gam, maɓallan Ferrari kuma su yi danƙo kamar an shafa musu zuma. Batir yana mutuwa cikin mako biyu zuwa uku ko ba a taɓa motar ba, don kwamfutocinta ba sa barci, saboda haka a jona ta da cajar kula da batir, a haɗa cajar da sola ko inbata saboda ɗaukewar wuta. A ƙara iskar taya ta kai wajen bar 3 a ma'aunin iska, a riƙa gusa motar kaɗan duk mako biyu don kada tayar ta yi gindi. Fetur yana lalacewa cikin wata uku zuwa shida, a zuba masa maganin hana tsufa. A toshe bakin salansa, a dasa tarko a kusurwoyi: ɓera ɗaya cikin wayoyi ya fi shekara guda ta tuƙi ɓarna.

Kada a riƙa tayar da ita minti biyar a kashe. Inji bai yi zafi ba, tururi ya kwanta cikin mai da salansa, tsatsa ta fara. Gara sau ɗaya a wata a fita da ita da asuba, minti 30 a kan kwalta mai kyau, har mai ya yi zafi sosai, a kunna na'urar sanyinta don robobinta su sha mai. Masu bel ɗin taimin, wato bel mai daidaita juyin inji, irin Ferrari F355 da 360, shekaru ake ƙirga wa bel ɗin ba kilomita ba: duk shekara uku zuwa biyar, ko motar ba ta motsa ba. A F355 sai an sauke inji gaba ɗaya.

Sai lissafi. A ɗauka ka saya kan yuro 200,000, wato sefa miliyan 131 da ƴan kai, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Gidan gwanjo na ɗora wa mai saye kusan kashi 10 cikin ɗari, yuro 20,000 ke nan. A ɗauka ajiya da inshora da gyara suna cin yuro 6,000 a shekara, shekara biyar 30,000. Sai ka karɓi yuro 250,000 a hannu, kusan sefa miliyan 164, kafin ka mayar da uwar kuɗi, ba a sa ladan mai sayar maka ba. Ka ajiye wannan kusa da abin da miliyan 131 za ta juya cikin aya ko riɗi ko fili a bakin hanyar Yamai a shekara biyar ɗin, sannan ka yanke.

Akwai kuma zakka. Motar hawa babu zakka a kanta komai tsadarta, amma wadda aka saya da niyyar sayarwa hajar kasuwanci ce, ɗaya bisa arba'in. A mazhabar Malikiyya an bambanta mai jujjuya haja, wanda ke ƙiyasta kayansa duk shekara, da mai ajiya yana jiran kasuwa ta tashi, wanda ke fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar ya karɓi kuɗi. Niyyar da ka ƙulla ranar saye ita ce malaminka zai fara tambaya, don haka ka rubuta ta tare da rasiɗin.