Kurakuran da aka fi yi wajen gano gefen abu a hoton kyamara kai tsaye

Wani ƙanena ya kafa kyamara da wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi a injin casar shinkafa a wani ƙauye kusa da Auyo, don ta riƙa ƙirga buhunan da ake fitarwa ta hanyar gano gefensu a hoto, wato inda haske ya sauya farat ɗaya. Da safe lafiya lau, azahar na yi sai ta ƙirga buhu ɗaya sau uku, ga nawa. Ya ce na'urar ce ba ta da ƙarfi. Da na duba, laifin ba nata ba ne.

Na farko, yana ɗura mata hoto yadda ya fito. Mai son hoto 30 a daƙiƙa, milisakan 33 (kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa) kacal yake da su kan kowanne. Hoton 1920 da 1080 ɗigo ne sama da miliyan 2, na 640 da 480 kuwa 307,200. Buhu ai ba allura ba ne. Rage girman, cire launi, ka yanko bakin ƙofa kaɗai inda kaya ke wucewa.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne ma'auni. Dabarar gano gefe da John Canny ya wallafa a 1986 ma'auni biyu gare ta na ƙarfin sauyin haske: abin da ya haura na sama gefe ne, wanda ya gaza na ƙasa a zubar, na tsakiya kuma sai in ya manne da gefe mai ƙarfi. Mutum zai kwafo 100 da 200 a matsayin ma'aunan, ya gwada a ɗaki, ya ce shi ke nan. To hasken ɗaki daban, ranar Jigawa daban. Ga inuwar rumfa tana zagayawa, ga hazon hunturu yana dusashe komai. Ka riƙa ciro lambobin daga matsakaicin hasken kowane hoto, na sama ya ninka na ƙasa sau biyu zuwa uku. In da hali, ka sa fitila ɗaya tsayayya.

Sai tacewa. Dabarar Canny da ke cikin OpenCV, manhajar sarrafa hoto, ba ta lausasa hoto da kanta, shi ya sa saƙar buhu da buntun da ke tashi duk suke fitowa a matsayin gefe. Matatar lausasa hoto ta Gaussian mai ɗigo 5 da 5 kan isa. In ka zarce, buhu biyu da suka jingina da juna za su koma ɗaya.

Kada ka bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya da Python, harshen rubuta manhaja, bar wa OpenCV.

Nawar azahar ɗin kuwa zafi ne. Pi na rage gudu da kanta in ta kai digiri 80 a ma'aunin Celsius, shi kuma ya rataye ta a ƙarƙashin kwano. Muka sauko da ita, muka sa mata ƙaramar fanka, na ce ya riƙa goge gilashin kyamarar kullum kafin a tayar da inji.