Kurakuran da ke kashe zauren ƙere-ƙere na unguwa

Zauren ƙere-ƙere wuri ne da mutane ke haɗa kuɗi da kayan aiki, injin walda, keken ɗinki, zarto, kwamfuta, kowa ya zo ya ƙera abin da ke ransa ko ya gyara wanda ya lalace. Buɗe shi ba wuya. Riƙe shi shekara uku ne aiki, kuma yawancin wuraren da suka mutu kurakurai iri ɗaya ne suka ci su.

Na farko shi ne sayen injuna kafin a tara mutane. Kamfanin TechShop na Amurka, mai tafiyar da irin waɗannan zauruka, ya fara a 2006 da manyan injuna masu tsada, ya buɗe rassa a birane da dama, amma a Nuwamba 2017 ya rufe rassansa na Amurka duka ya ayyana karyewa, saboda kuɗin da ke shigowa bai ɗauki nauyin haya da ma'aikata da injunan ba. A Lome ta ƙasar Togo kuwa, zauren WoeLab ya fara a 2012 da matasan unguwa da tarkacen kayan lantarki, kuma a nan ne Afate Gnikou ya harhaɗa firintar 3D, wato injin da ke fitar da abu mai jiki maimakon rubutu a takarda, daga ɓaragurbin kwamfutocin da aka zubar. Ku fara da mutum goma masu zuwa kowane mako, da teburi da kayan hannu. Idan mutum biyar sun yi wata biyu suna cewa da akwai injin kaza da sun gama aikinsu, lokacin sayensa ya yi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake karɓar baƙo. Na taɓa zama a wani zaure da yamma, muna mu shida, kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Wata yarinya ta yi sallama riƙe da fankar da ta ƙi juyawa, ta naɗe wayar fankar a hannu. Aka amsa sallamar ba tare da an ɗago ba. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon allon da aka rataye sukuddireba, ta gyara mayafinta, ta ɗan jira, ta juya. Babu wanda ya kore ta, ni ma ban tashi ba, kuma ba ta sake dawowa ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gyaran nan ba ya cin ko sisi: kowace ranar buɗewa a sa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai tarbar baƙi. Ya tashi tsaye, ya tambayi sunan mai shigowa, ya ce, "Me kika kawo mana, ƙanwata?", ya zagaya da ita, sannan ya ba ta abin da za ta taɓa da hannunta tun ranar farko, ko kwance murfin fankar ne. Kada a karɓe mata aikin a yi mata. Haka ake yi a tarukan gyaran kaya na Repair Café da Martine Postma ta fara a Amsterdam a 2009: mai kaya yana zaune tare da mai gyara, ana buɗe abin a gabansa. Mata da yawa ba za su shiga ɗakin da maza suka cika ba, don haka a ware musu rana, mace ta jagorance ta, kuma a tashi kafin magariba.

Sai matsalar mutum ɗaya. Wanda ya kafa wurin shi ke da makulli, shi ne ma'aji, shi ke sayen man janareta, shi ke sasanta rigima. Ranar da ya yi tafiya ko ya gaji, an kulle. Yawanci ba son mulki ne ya kai shi haka ba, gani yake yi in bai yi ba babu mai yi, su kuma sauran sun saba sun zama 'yan kallo. A raba makulli ga mutum uku aƙalla, a zaɓi ma'aji daban, a riƙa sauya masu riƙe aiki duk shekara. Taro kuma ya zama na rana ɗaya tsayayya. A 2007 wasu Jamusawa da suka daɗe suna tafiyar da irin waɗannan wurare sun ba da shawarar a daina gardama kan ranar taro a tsayar da Talata, tunda babu ranar da za ta yi wa kowa daidai. Ku zaɓi taku, ku daina ɗagawa.

Maganar kuɗi kada a ji kunyarta. A rubuta haya da mai da gyara a allo kowa ya gani. Wanda ba shi da kuɗin wata ya biya da shara ko koyarwa. Tallafin ƙungiyoyi a sayi kaya da shi, amma haya ta fito daga aljihun mambobi, domin tallafi yana ƙarewa.

Wasu kuma suna ganin rubuta doka zai kori mutane. Zauren Noisebridge na San Francisco a Amurka ya shahara da ƙa'ida ɗaya tak, cewa a kyautata wa juna, amma daga baya sai da suka rubuta dokar hana cin zarafi. In ba a rubuta ba, mai ƙarfin murya ne ke yin doka, masu kawaici su janye shiru. Shafi ɗaya ya isa: babu mai taɓa injin walda ko na yanka sai an koya masa an rubuta sunansa, babu walda ba tabarau, wanda ya fasa kaya ya faɗa ba za a ci mutuncinsa ba, kuma ga sunayen mutum biyu da za a kai wa ƙara a asirce. Aikin da aka bari a kan teburi a manna masa takarda mai suna da kwanan wata. Ya wuce wata guda, a kira mai shi sau biyu, in bai zo ba a mayar da kayan akwatin kowa da kowa.