Darasi na Tara: Kayan Gyaran Gida a Matsayin Gudunmawar Biki

Ranar jere, dangin amarya sukan cika ɗaki da gado da kujeru da labule da kwanuka. Idan aka zo rataya labulen sai a ji ana cewa, "Yaro, je ka maƙwabta ka ce a ba mu aron guduma." Kowa ya kawo abin ado, ba wanda ya tuna da abin da za a kafa adon da shi. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka haɗa wa ango kayan gyara da za su yi masa shekaru yana amfani da su, ko kai kaɗai ko ku haɗa kuɗi da sauran abokan ango.

Fara da tambayar gidan

Kafin ka nufi kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada a nan Zariya, ka san irin gidan da za a kai amarya. Ginin bulo ne ko ginin ƙasa? Nasa ne, na gado ne, ko haya? Akwai famfo da wuta?

Amsar ita ce za ta zaɓa maka kaya. A cikin birni, wajen su Kwarbai da Ƙofar Doka, har yanzu akwai ɗakunan ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Irin wannan bango ba ya riƙe gajeriyar ƙusa, domin shafen siriri ne, bayansa kuma ƙasa ce mai marmashewa. Ƙusa mai inci 4 ake so, a kafa ta kanta yana kallon sama kaɗan. Bangon bulo kuwa yana lanƙwasa ƙusar katako, sai ƙusar kankare. Wanda zai zauna gidan haya a Samaru ko Danmagaji, ba kowane mai gida ke yarda a huda masa bango ba, saboda haka kada ka sa kuɗinka duka a injin huda bango alhali ba za a bar shi ya yi amfani da shi ba.

Kayan da ba a rasawa

Guduma ita ce ta farko. Nemi mai baki biyu, ɗaya na bugu ɗaya na cire ƙusa, wadda nauyin kanta ya kai kamar giram 450. Wadda ta fi haka nauyi ta magina ce, tana gajiyar da hannu a ƙaramin aiki. Riƙe ƙotar ka girgiza. In kan ya motsa ko kaɗan, ajiye ta. Ƙotar ɗanyen itace tana bushewa ta tsuke da hunturu, kan ya saki, wata rana ya fice ya faɗa kan mutum. Shi ya sa ƙotar ƙarfe mai rufin roba ta fi dacewa da yanayin Zariya.

Sai sukundireba. Iri biyu ne, mai faɗin baki da mai tauraro, kuma kowanne ana son babba da ƙarami, huɗu ke nan. A cikin masu tauraro, wanda aka rubuta wa PH2 shi ne ya fi shiga kan sukurun ƙofa da na kujera. A nan ne mutane suka fi yin asara. Sukundireba mai arha bakinsa laushi gare shi, da an matsa sai ya cinye, ya kuma cinye kan sukurun har a kasa kwance shi. Duba jikin ƙarfen ko an buga Cr-V, alamar ƙarfe mai tauri. Akwai na jabu da ke ɗauke da wannan rubutu, don haka ka duba bakin ma: ya zama da kaifin gefe, babu fenti mai ɓoye aibi. Araha ba ta ado.

Ƙara filaya ɗaya mai inci 8, mai roba a hannu, wadda ke kamawa kuma tana yanke waya. Rufe bakinta ka ɗaga ta ga haske. Idan haske na ratsawa ta wurin yankan, ba za ta yanke siririyar waya ba. Sifana kuwa, maimakon sayen jeri guda, ɗauki mai daidaitawa ɗaya ta inci 10, ta isa kan famfo da ƙusoshin gado. Tef na awo mai mita 5 ya wadatar da kowane ɗaki, kuma ka zaɓi mai inci da santimita duka, domin kafinta da inci yake magana, takardar kaya kuma da santimita take zuwa.

Wani abu ƙarami da ake mantawa shi ne alanki, wato lanƙwasassun ƙarafan nan masu kusurwa shida. Yawancin gadaje da teburan zamani da su ake ɗaurewa. Bayan 'yan watanni gado yakan fara ƙara saboda ƙusoshin sun saki, kuma juyi biyu da alanki ya kashe maganar ba tare da an kira kafinta ba.

Na wuta da na ruwa

Sa testa ɗaya, wato ɗan sukundireban gwada wuta mai fitila, da salatif baƙi na wuta guda biyu. Amma a gaya wa ango gaskiya: testa ba ta maye gurbin kashe wuta daga babban makunni. Fitilarta ƙarama ce, a cikin rana ba a ganinta sosai, kuma ko an ɗauke wuta ana iya kawo ta hannunka na kan waya. Aikinsa da waɗannan kaya bai wuce canza kan fulogi da fiyus mai amfiya 13 ba. Abin da ya shafi mita ko wayar cikin bango, a kira mai gyaran wuta.

Na ruwa, farin zaren famfo guda uku ya isa. Ana naɗa shi a bakin zaren bututu kamar sau takwas zuwa goma, ta ɓangaren da kan famfon zai juya idan ana ɗaure shi. In aka naɗa a baibai, yana warwarewa yayin ɗaurewa, ruwa ya ci gaba da ɗiga.

Idan kuɗi sun kai ga injin huda bango

Wannan kyauta ce ta haɗin gwiwa. Mai batir ya fi amfani a inda wuta ba ta tsayawa, kuma mai bolt 18 ya fi mai 12 ƙarfin shiga bulo. Tabbatar yana da wurin juyawa zuwa alamar guduma, in ba haka ba katako da ƙarfe kawai zai huda da kyau. Haɗa masa bakin huda siminti na milimita 6 da 8, da fisha masu lamba ɗaya da su, wato robobin da ake cusawa a rami kafin a ɗaura sukuru. In rami ya fi fisha faɗi, sandar labule za ta zazzago da nauyin labulen.

A kula da na gwanjo. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Inji ko caja da aka yi don can kaɗai, da an soka shi a nan ya ƙone. Karanta lambar da ke jikinsa, ka sa mai shago ya gwada a gabanka, ka karɓi rasit. Wajen aiki kuma, ba a huda bango daidai saman soket ko makunni, ko a gefensu a miƙe, domin nan wayoyi suke bi.

Ajiya da lokacin kaiwa

Zuba kayan a akwati mai murfi da wurin kwaɗo, saboda yara da kuma masu aro. Raba ƙusoshi a gwangwanaye: inci 1, inci 2, inci 3, inci 4 da na kankare, kowanne cikin tafin hannu ɗaya. Sa tsumma da ɗan man keken ɗinki a ciki, don shafe ƙarafa idan damina ta kama, lokacin da tsatsa ke cin kaya. A shafa wa ƙotoci ɗigon fenti mai launi ɗaya, yadda in an ara za a gane na waye.

Kada ka jira ranar ɗaurin aure. Kai wa ango hannu da hannu kwana uku ko huɗu kafin jere, ka ce masa, "Ango, ga 'yar gudunmawa, Allah ya sa albarka." Ranar da gwaggonnin amarya suka zo, kayan suna nan a hannu.

Aikin gida

Abokan ango shida sun yarda kowa zai ba da naira 5,000. Rubuta jimlar kuɗin. Sannan ka je kasuwa mafi kusa da kai, ka tambayi kuɗin guduma da filaya da sifana da tef a shaguna biyu, ka rubuta a littafinka, ka zo da shi aji mako mai zuwa.