Zuwa Aiki a Kan Keken Lantarki: Yadda Hanyar Za Ta Zame Maka Motsa Jiki

Keken lantarki ba ya hana jiki aiki, sai idan mai shi ne ya sakar wa injin komai. Amfanin da lafiyarka za ta samu ya dogara ne ga yadda ka raba aikin tsakanin ƙafarka da injin, kuma kai ke da ikon rabon, ta maɓallin da ke kusa da babban yatsanka.

Tun wajen saye ake fara gyara. Akwai keken da injinsa ba ya taimako sai kana juya feda, akwai kuma mai totur da ke tafiya ko ƙafa ba ta motsa ba. Mai neman lafiya ya ɗauki na farko, in kuwa mai totur ne a hannunsa, ya bar totur ɗin sai wajen tashi a kan tudu. A cikin masu feda ma akwai bambanci. Wani yana auna ƙarfin da ka danna ya ƙara maka gwargwadonsa, wani kuma juyawar feda kawai yake ganewa, da ta motsa sai ya saki ƙarfi. Irin na biyun shi ke ruɗin mutane: ƙafa tana ta wulwulawa a banza, keke na gudu, jiki bai san an yi ba. Maganinsa ka rage matakin taimako, ka ƙara giya har ka ji fedar tana da nauyi a tafin ƙafarka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Idan tsakanin gidanka da wurin aiki kilomita 10 ne, kana tafiyar kilomita 20 a awa, minti 30 ke nan zuwa, 30 dawowa. Kwana uku a mako sun ba ka minti 180 ba tare da ka ware wani lokaci daban ba. Sharaɗin dai ya kasance matsakaicin ne da gaske, kuma ba sai da na'ura za ka gane ba. In kana iya magana jimla-jimla amma ba ka iya rera waƙa, ka dace. In waƙa na fita sumul, injin ya karɓe aikin, rage masa mataki ɗaya. In kalma biyu ba ta fita sai da haki, ƙara masa.

A nan ne keken lantarki ya fi keken gargajiya dacewa da ma'aikaci. Da safe ka sa taimako a tsakiya ko sama, ka isa ba ka jiƙe da gumi ba, a minti biyar na ƙarshe kuma ka sassauta domin jiki ya huce kafin ka tsaya, don gumi ya fi tsattsafowa bayan iskar tafiya ta ɗauke. Da yamma ka sauko mataki mafi ƙasa, ka yi aikin da kanka, tunda wanka na jiranka. Ranar da ka tashi a gajiye ko iska ke bugo ka ta gaba, ƙara taimako ka tafi, kada ka fasa. Tafiya mai sauƙi da aka yi ta fi mai wuya da aka ɗage.

Makonni biyu na farko kwana biyu a mako ya isa, da hutu a tsakani, sannan a ƙara. Ka fara bin hanyar a ranar hutu domin ka san tsawon lokacinta da mahaɗun da ke da haɗari. Hanyar da ta fi nisa da kilomita biyu amma ba manyan motoci ta fi gajeriya mai cunkoso, tunda injin na ɗauke maka wahalar nisan. Mai ciwon zuciya ko hawan jini da bai daidaita ba ya ga likita tukuna.

Sirdi da giya

Ciwon gwiwa sau da yawa daga tsayin sirdi yake. Zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da ka mai da gaban tafin ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne, a bayanta kuma ya yi sama. A gyara da milimita biyar-biyar, ba gaba ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin keke a babbar giya ana tura feda a hankali, wai injin zai ja. Wannan na cin batir, yana cin sarƙa, yana kuma cin gwiwa. Ana so feda ta juya sau 70 zuwa 90 a minti. Ƙirga hawan gwiwar dama cikin daƙiƙa 15, ka samu 18 zuwa 22. Sauke giya kafin ka tsaya, ba bayan ka tsaya ba. In injin a tsakiyar keke yake wajen feda, sassauta ƙafa lokacin canza giya, domin ƙarfinsa ta sarƙar yake bi, kuma ƙarar "ƙas" da kake ji haƙoran giya ne ke shan wuya.

Batir

Ninka volt da amfiya-awa da aka rubuta a jikinsa: 36 sau 14 ya ba da wajen 500 na watt-awa, wato yawan wutar da batirin ke ɗauka. Keke na shan kamar watt-awa 7 zuwa 15 a kowace kilomita, ya danganta da nauyinka, tudu, iska da matakin taimako. Yi lissafi da babbar lambar, ka bar rarar kashi ɗaya cikin huɗu, don batir na raguwa da shekaru, kuma keke mai kilo 20 zuwa 28 ba abin so ba ne a tura shi hawan tudu babu caji.

Batirin litiyam ya fi daɗewa in ana riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari. Zafi ne babban abokin gabarsa: kada a bar shi a rana, kada a jona shi da zarar an sauka, a ba shi kamar minti 30 ya huce. Ba a yi masa caji a sanyin da ruwa ke daskarewa. Cajarsa ta asali kaɗai za a yi amfani da ita, ba a kan katifa ba, ba a bakin ƙofar fita ba, ba kuma ana barci ba. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya tsage, ko yake wani wari, a fitar da shi waje a daina jona shi. Gobarar batir tana tashi cikin daƙiƙoƙi, wannan ba wurin tsimi ba ne.

A kan titi

Direba yana ganin keke ya ɗauka a hankali yake tafe, sai ya shigo gabanka. Don haka rage gudu a kowace mahaɗa, yatsu a kan birki, fitilar gaba da ta baya a kunne ko da rana, hular kwano a ɗaure. In gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa huɗu. A Tarayyar Turai, bisa doka, ƙarfin da aka ƙayyade wa injin ba ya wuce watt 250, kuma injin yana daina taimako a kilomita 25 a awa. Wasu ƙasashen suna da nasu iyaka, sai ka binciki dokar inda kake. Cire wannan iyaka ganganci ne, don ba a ƙera birkin da wancan gudun ba.

Kaya a jakar da ke rataye a kariya, wato wurin ɗora kaya na keke, ba a bayanka ba, shi ke hana riga jiƙewa da ciwon kafaɗa. Duba iskar taya kowane mako bisa lambar da ke gefenta, taya mai laushi na jawo faci da shan batir. Takalmin birki na saurin cinyewa saboda nauyin keken, in kaurinsa ya sauko kusan milimita ɗaya a canza. Goge sarƙa ka ɗiga mata mai bayan kowace kilomita 150 zuwa 200 da kuma bayan ruwan sama, ka share rarar man da tsumma. Wajen wanki a cire batir, a yi da soso da bokiti, domin ruwa mai feshi da ƙarfi na kutsawa cikin injin da mahaɗar wayoyi.